Darasi na Goma Sha Ɗaya: Yanayin Gaɓar Teku Mai Sanyi da Yawan Ruwan Sama

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana siffofin yanayin gaɓar teku mai sanyi da yawan ruwa, da wuraren da ake samunsa a duniya;
2. kawo dalilai uku da ke haifar da shi;
3. nuna yadda yake shafar noma da sana'a da gini da sutura;
4. karanta adadin ruwan sama da milimita, ya kuma yi lissafi da shi.

Gabatarwa

A ƙasar Hausa kowane lokaci na shekara da aikinsa. Da bazara a yi sharar gona, da damina a yi shuka da noma, da kaka a yi girbi, hunturu ya shigo da ƙura da sanyi, rani kuma a koma fadama ko a tafi cin rani. Mai ginin ƙasa ya san watan da zai yi yaɓe, mai shanya hatsi ya san ba ruwan da zai dame shi a watan Janairu. Ruwan sama a wurinmu baƙo ne mai lokaci: ya zo ya yi wata huɗu ko biyar, ya kama gabansa.

Akwai ƙasashen da ruwa ba baƙo ba ne, ɗan gida ne. Babu watan da ba a yinsa, zafi ba ya tsananta, sanyi ma ba ya kai wa inda ake zato in aka dubi nisan wurin daga tsakiyar duniya. A wannan darasi za mu ɗauki gaɓar yammacin ƙasar Norwe, musamman birnin Bergen, mu ga yadda teku da iska da duwatsu suka haɗu suka samar da irin wannan yanayi, da yadda mutanen wurin suka tsara rayuwarsu a kansa.

1. Inda ake samunsa

Wannan yanayi yana samuwa galibi tsakanin digiri 40 da 60 arewa ko kudu da layin ikwaita, kuma a gefen yamma na manyan nahiyoyi. A Turai ya mamaye Ailan da Birtaniya da arewa maso yammacin Faransa da arewacin Sifen da gaɓar Norwe. A Amurka ta Arewa yana bin gaɓar tekun Fasifik, daga jihohin Oregon da Washington zuwa yammacin Kanada da kudancin Alaska. A kudancin duniya akwai shi a kudancin ƙasar Chile da tsibirin Tasmaniya da ƙasar Niyu Zilan.

Masanin yanayi Wladimir Köppen, wanda rabe-raben da ya yi wa yanayin duniya ake amfani da su har yau, ya ware wa irin wannan yanayi rukuni na kansa. Alamominsa uku ne. Matsakaicin zafin watan da ya fi kowane zafi ba ya kai digiri 22 a ma'aunin Salshiyos. Watan da ya fi sanyi ba ya yin nisa ƙasa da sifili, galibi ma yana samansa. Sannan babu lokacin fari a cikin shekara.

2. Bergen a kan ma'auni

Kafin mu shiga alƙaluma, mu fahimci yadda ake auna ruwan sama. Ana ajiye wani mazubi a fili, ruwa ya taru a ciki, a auna zurfinsa da milimita. In aka ce an yi ruwa milimita 1, ma'ana kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 ya sami ruwa lita 1. Milimita 20 kuwa lita 20 ke nan a kan wannan ɗan fili, kusan cikin jarka guda.

Bergen shi ne birni na biyu mafi girma a Norwe, bayan Oslo. An kafa shi wajen shekarar 1070, yana kan digiri 60 arewa, a bakin teku, duwatsu sun kewaye shi. Mafi tsawo a cikin duwatsu bakwai da birnin ya shahara da su shi ne Ulriken, mai tsayin mita 643. A shekara Bergen na samun ruwa tsakanin milimita 2,250 da 2,500, kuma ana yin ruwa a fiye da kwana 200 cikin kwana 365. Daga 29 ga Oktoba 2006 zuwa 21 ga Janairu 2007 an jera kwana 85 babu ranar da ba a yi ruwa ba. Ruwan ya fi yawa daga Satumba zuwa Disamba. Watan Mayu yana cikin waɗanda suka fi ƙarancinsa, amma ko shi yakan sami wajen milimita 100.

Ga kwatanci da wasu birane biyu. Alƙaluman kimantawa ne:

| Birni | Ruwa a shekara | Wata mafi sanyi | Wata mafi zafi |
|---|---|---|---|
| Bergen (Norwe) | milimita 2,250 zuwa 2,500 | digiri 2 | digiri 15 |
| Kano (Nijeriya) | milimita 800 zuwa 1,000 | digiri 21 | digiri 31 |
| Yakutsk (Rasha) | ƙasa da milimita 300 | digiri 37 ƙasa da sifili | digiri 19 |

Ku lura da abu biyu. Na farko, tsakiyar lokacin zafin Bergen bai kai tsakiyar hunturun Kano ɗumi ba. Zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a birnin shi ne digiri 33.4, a watan Yuli na 2019, abin da mutumin Sakkwato zai kira rana mai sauƙi. Na biyu, Yakutsk da Bergen kusan layi ɗaya suke wajen nisa daga ikwaita, amma tsakanin sanyi da zafin Bergen digiri 13 ne kawai, na Yakutsk kuwa ya haura 55. Tsawon wuninsu kusan ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne ɗaya yana bakin teku, ɗaya yana can cikin Saibiriya, nesa da teku.

3. Dalili na farko: teku

Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa. Duk wanda ya taka rairayi da azahar ya san yadda yake ƙuna, alhali ruwan tafkin da ke gefensa da sanyinsa. Da asuba kuma rairayin ya yi sanyi ƙarara, ruwan yana nan da ɗan ɗuminsa. Kafin zafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai ya sha zafin da ya ninka wanda kilo ɗaya na busasshen rairayi ke bukata kusan sau biyar. Ga shi kuma ruwan teku yana motsi, na sama yana cakuɗa da na ƙasa, zafin ya bazu zuwa zurfi. Saboda haka teku ke tara zafi a hankali a watannin rana, ta riƙa sakinsa a hankali a watannin sanyi. Garin da ke gaɓa yana samun sassauci ta fuska biyu: ba ya ƙuna, ba ya daskarewa.

Gaɓar Turai tana da ƙarin gata. Akwai wata babbar igiyar ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga wajen Mashigin Tekun Meziko, ta bi gabashin Amurka, ta tsallako tekun Atilantika ta nufi arewa maso gabas. Reshenta ne ke wucewa ta yammacin Ailan da Sikotilan, ya bi gaɓar Norwe har can ƙuryar arewa. Albarkacin wannan ruwa, tashoshin jiragen ruwan Norwe ba sa daskarewa ko da a tsakiyar sanyi. Misali mai kyau shi ne garin Narvik, wanda ke kan digiri 68 arewa. Ƙasar Suwidin tana haƙo tama a Kiruna, tana kuma da tasharta ta Luleå a gabas, amma tekun wannan gefen ƙanƙara ke rufe shi watanni da dama. Shi ya sa aka shimfiɗa layin dogo ya ƙetare duwatsu zuwa Narvik, inda jirgi ke iya lodi duk shekara, duk da cewa Narvik ya fi Luleå nisa arewa.

4. Dalili na biyu: iskar yamma

Ɗumin teku ba zai amfani tudu ba in babu abin da zai kai shi can. A wannan sashe na duniya iskar da ta fi kaɗawa daga yamma take tasowa ta nufi gabas. Kafin ta iso Turai ta yi tafiyar dubban kilomita a kan tekun Atilantika, tana kwasar ɗumi da tururi. Wannan ne dalilin da ya sa gefen yamma na nahiyoyi ke da irin wannan yanayi, gefen gabas kuwa babu. Yankin Labrador na gabashin Kanada layi ɗaya yake da Birtaniya, shi ma a bakin teku yake, amma iskarsa daga daskararren tudu take fitowa, ga kuma igiyar ruwa mai sanyi da ke sauko masa daga arewa. Sakamakon haka sanyinsa mai tsanani ne.

A kan tekun Atilantika ta Arewa ne iska mai ɗumi daga kudu ke karo da iska mai sanyi daga arewa. Ba sa cakuɗuwa nan take. Mai ɗumin ta fi sauƙin nauyi, sai ta hau kan mai sanyin. Tana hawa tana yin sanyi, tururin da ke cikinta ya zama gajimare, gajimaren ya zama ruwa. Wannan karo yana haifar da manyan guguwoyi masu juyawa, faɗin kowace ya kan kai ɗaruruwa ko dubban kilomita, suna tafiya gabas ɗaya bayan ɗaya. Wata na wucewa, a ɗan ga rana, wata ta iso. Shi ya sa a rana guda ana iya ganin yayyafi da safe, hasken rana da hantsi, iska da ruwa da la'asar.

A Bergen ɗin ne aka fara bayyana wannan al'amari dalla-dalla. A 1917 masanin kimiyya Vilhelm Bjerknes ya koma birnin, ya tara matasan masana, cikinsu har da ɗansa Jacob Bjerknes da Halvor Solberg da Tor Bergeron. Sun kafa tashoshin aune-aune da yawa a gaɓa don yi wa masunta da manoma hasashe, daga nan suka gano yadda guguwar ke tasowa, ta girma, ta mutu a kan iyakar iskokin biyu. Layukan da kuke gani a taswirar hasashen yanayi a talabijin, masu nuna gaban iska mai sanyi da gaban iska mai ɗumi, daga aikinsu suka samo asali.

Ku kwatanta da namu. Ruwan daminarmu yawancinsa na hadari ne: rana ta gasa ƙasa, iska ta tashi sama da ƙarfi, gabas ta yi baƙi, a yi tsawa da walƙiya, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, cikin awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. A gaɓar Norwe tsawa ba ta da yawa. Ruwan yakan ɗauki awanni yana zuba, wani lokaci wuni da kwana.

5. Dalili na uku: duwatsu

Iskar da ta ɗauko danshi daga teku, tana isowa Norwe sai ta tarar da jerin duwatsu sun tare mata hanya daga kudu zuwa arewa. Ba ta da mafita sai ta hau. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi, kuma iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi kamar mai ɗumi. Don haka sai ta juye kayanta a gefen da ke fuskantar teku. In ta tsallaka ta gangara ɗaya gefen, ta riga ta zama busasshiya, tana sauka kuma tana ƙara ɗumi. Wannan gefe shi ake kira inuwar ruwa.

Ƙauyen Brekke, kusa da bakin mashigin Sogne a arewa da Bergen, yana samun sama da milimita 3,500 a shekara. A 1990 an auna milimita 5,596 a wurin. Yankin Skjåk kuwa, wanda ke bayan duwatsu, nisansa da Brekke bai kai kilomita 200 ba a miƙe, amma abin da yake samu yana wajen milimita 300 ko ƙasa da haka, bai kai na Damagaram ba. Manoman Skjåk tun ƙarnonin baya suke haƙa magudanai suna janyo ruwan narkakkiyar ƙanƙara daga kan duwatsu don ban ruwa. Oslo ma da ke gabas, ruwanta kusan kashi ɗaya cikin uku ne na Bergen.

Haka abin yake a sauran wuraren. Yammacin Sikotilan ya fi gabashinta ruwa nesa ba kusa ba. A Niyu Zilan, Milford Sound da ke gefen yamma yana samun sama da milimita 6,000 a shekara, filayen da ke gabas da duwatsun kuwa sai da ban ruwa ake wasu noman.

6. Yawan ruwa da yawan laima ba ɗaya ba ne

A nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗewa. Kowa ya ji labarin ruwan Landan, amma abin da Landan ke samu a shekara wajen milimita 600 ne, wato bai kai na Kano ba. To me ya sa ciyawar Landan take kore shar duk shekara, ta Kano kuwa ta bushe tun kafin Disamba?

Amsa biyu ce. Ta farko rabo: na Kano a wata huɗu zuwa biyar yake sauka, watan Agusta kaɗai yakan kwashi wajen kashi ɗaya cikin uku, da yawansa kuma ya gudu a kwalbati da rafi kafin ƙasa ta sha. Na Landan kaɗan-kaɗan yake zuwa cikin wata goma sha biyu. Ta biyu zafi: ranar Kano tana iya busar da ruwan da ya fi wanda ke sauka, amma inda sanyi yake da gajimare, abin da ke komawa sama tururi kaɗan ne. Kano na samun hasken rana wajen awa 3,000 a shekara, Bergen ba ta kai rabin haka ba. Saboda wannan, in za a bayyana yanayin wuri, ba a tsayawa a jimillar ruwa. Sai an tambaya: yaushe yake sauka, kuma me ke busar da shi? Fatakwal da Bergen kusan ruwa ɗaya suke samu, amma a Fatakwal kwakwar manja ke fitowa, a Bergen ciyawar tumaki.

Inda ƙasa ta daɗe tana jiƙe cikin sanyi, ganye da ciyawa ba sa ruɓewa sosai. Sai su yi ta taruwa shekaru dubbai, su zama wani baƙin taɓo mai kauri. A Ailan da Sikotilan da tsibiran yammacin Norwe, inda itace ya yi ƙaranci, mutane sun daɗe suna yanka wannan taɓo kamar tubali, su shanya, su yi makamashi da shi.

Tsawon wuni ma yana da tasiri. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa a Bergen wajen ƙarfe 4 na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen 11 na dare, wuni ya kai awa 19. A ƙarshen Disamba wunin bai cika awa 6 ba. Musulmin da ke zaune can sun fi kowa sanin wannan: shekarar da azumi ya faɗo a Yuni sukan wuce awa 19 ba su sha ruwa ba, in ya kewayo Disamba kuwa kafin a ankara an yi magariba.

7. Yadda mutane ke rayuwa da shi

*Noma da kiwo.* Kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na ƙasar Norwe ake nomawa. A yamma hatsi ba ya samun zafin da zai nuna da kyau, kuma girbi cikin ruwa asara ne. Abin da ke yi shi ne ciyawa, don haka arzikin manomi a tumaki da shanun madara yake. Matsalarsa ita ce busar da ciyawar da zai ciyar da dabbobi lokacin sanyi. In ya bar ta a ƙasa ruɓewa za ta yi. Manoman da can sai su kafa sanduna a jere, su ɗaure igiyoyi ko waya a tsakaninsu hawa-hawa, su rataya ɗanyar ciyawa a kai, ta sama ta kare ta ƙasa daga ruwa, iska kuma tana ratsawa. Yau yawanci ana naɗe ta ɗanya cikin farar leda, a yi manyan ƙunshi, ta tsimu a ciki ba tare da ta lalace ba. A cikin mashigin Hardanger, inda duwatsu suka ba da kariya, ana noman tuffa da sauran 'ya'yan itace.

*Kifi.* Haɗuwar ruwan ɗumi da na sanyi ta sa tekun Norwe ta cika da kifi, kuma ƙasar ce kan gaba a duniya wajen kiwon kifin salmon a cikin keji a teku. A nan ne yanayin can ya taɓa tukunyar Nijeriya. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Igbo ke kira okporoko, yawancinsa daga Norwe ake kawo shi, musamman tsibiran Lofoten. Daga wajen Fabrairu zuwa Mayu ake rataya shi a kan manyan katakai a fili, babu gishiri babu hayaƙi. Yana bukatar iska mai kaɗawa da sanyin da ke kusa da sifili. In sanyi ya tsananta, naman ya daskare ya lalace. In ɗumi ya yi yawa, ƙuda da ruɓa su cinye shi. Teku ce ke riƙe Lofoten a wannan tsaka-tsaki. Ɗaruruwan shekaru ta Bergen aka riƙa fitar da wannan kifi zuwa Turai. Fataken Jamus sun kafa cibiyarsu a unguwar Bryggen wajen 1360, kuma hukumar UNESCO ta sa tsofaffin gidajen katakon unguwar cikin kayan tarihin duniya a 1979. A yau Italiya da Nijeriya suna cikin manyan masu sayensa.

*Lantarki.* Ruwa mai yawa da ke gangarowa daga tudu mai tsawo ƙarfi ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar lantarkin Norwe daga ruwa ake samunta.

*Gida da sutura.* Rufin gida mai gangare ne sosai don kada ruwa ya kwanta, ana kuma ɗora ginin katako a kan harsashin dutse ko siminti don kada laima ta ci shi. A ƙofar kowane gida akwai wurin rataya rigar ruwa da ajiye takalmin roba. Makarantun ƙananan yara ba sa hana wasa a waje don ana ruwa, sai dai a sa wa yaro rigar ruwa daga kai har ƙafa. Mutanen Norwe suna da karin magana mai cewa babu mugun yanayi, sai dai muguwar sutura. Saboda ƙarancin rana a watannin sanyi, shan man kifi ya zama al'ada, don yana ɗauke da bitamin D da jiki ke samu daga hasken rana.

8. Illolinsa

Laima da sanyi-sanyi su ne abin da cututtukan tsiro ke so. A 1845 wata cuta mai ruɓar da dankalin Turawa ta shiga Ailan, a lokacin da talakawan ƙasar kusan da shi kaɗai suke rayuwa. Ta yi ta dawowa shekara bayan shekara. Zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu, sama da miliyan ɗaya kuma sun yi hijira. Yanayi ne ya ba cutar dama, amma dogaro da amfanin gona iri ɗaya da sakacin mahukuntan Birtaniya na lokacin su suka mayar da ita yunwa. Wannan cuta har yau tana damun masu noman dankali a tudun Jos in damina ta zo da hazo da laima.

A Norwe babbar barazana ita ce guguwa da zaftarewar ƙasa. A ranar 1 ga Janairu 1992 wata mahaukaciyar iska ta yi ɓarna mai yawa a arewa maso yammacin gaɓar. A Satumba 2005, bayan ruwa mai tsanani, laka da duwatsu suka zaftaro kan wasu gidaje a wata unguwar Bergen, mutum uku suka rasu. Hanyoyin kan duwatsu kuma dusar ƙanƙara kan rufe su, abin da ya sa ake yawan huda duwatsu. Ramin mota na Lærdal, wanda aka buɗe a 2000 a kan hanyar Oslo zuwa Bergen, tsawonsa kilomita 24.5 ne.

Ɗumamar duniya tana ƙara wa lamarin nauyi, domin iska mai ɗumi ta fi ɗaukar tururi. Aune-aune sun nuna ruwan saman Norwe ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar daga 1900 zuwa yau. Masana suna kuma sa ido kan tsarin igiyoyin Atilantika, wanda ake hasashen ƙarfinsa zai ragu cikin wannan ƙarni.

Taƙaitawa

Yanayin gaɓar teku mai sanyi ba shi da zafi mai tsanani, ba shi da sanyi mai tsanani, ba shi da rani. Teku ce ke daidaita zafinsa, iskar yamma ke kawo ɗumi da danshi tudu, duwatsu kuma su tilasta wa iskar sauke ruwanta a gefen teku. Ƙasa tana zama jiƙe saboda ruwan ya rarrabu cikin shekara kuma babu zafin da zai busar da shi. Daga nan ne kiwo da su da lantarkin ruwa suka zama ginshiƙan arzikin yankin.

Muhimman kalmomi

- *Milimita:* ma'aunin zurfin ruwan sama. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan fili mai mita 1 tsawo, mita 1 faɗi.
- *Igiyar ruwa:* ruwa mai gudana ta hanya guda a cikin teku, mai ɗumi ko mai sanyi.
- *Gaban iska:* iyakar da iska mai ɗumi da mai sanyi ke haɗuwa.
- *Inuwar ruwa:* gefen dutse da ba ya samun ruwa sosai saboda iska ta riga ta sauke shi a ɗaya gefen.

Tambayoyi

1. Kawo siffofi uku na wannan yanayi.
2. Me ya sa Bergen ba ta kai Yakutsk sanyi ba, alhali kusan layi ɗaya suke?
3. Bayyana dalilin da ya sa Brekke ya fi Skjåk ruwa.
4. Landan ba ta kai Kano yawan ruwa ba, amma ƙasarta ta fi laima. Me ya sa?
5. Wane irin yanayi busar da kifin Lofoten ke bukata?
6. Rufin kwano yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 5. Lita nawa na ruwa za su sauka a kansa a shekara in an yi milimita 900? In an yi 2,250 fa? Jarka nawa ke nan mai cin lita 25 a kowane?

Aikin gida

Ku nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne. Ku ajiye shi a fili, nesa da bango da bishiya da indararo, ku tokare shi da duwatsu don kada iska ta kayar da shi. Kowace safiya a lokaci guda ku tsoma rula ku auna zurfin ruwan da milimita, ku rubuta adadin da kwanan wata, sannan ku zubar. Bayan wata ɗaya ku haɗa jimilla, ku ƙirga kwanakin da aka yi ruwa, ku kawo aji a kwatanta da na abokan karatu da kuma alƙaluman Bergen.